Babarbariyar da ta ja ni aikin ido

Idona na hagu a kasuwa ya mutu, a hannun wani mai yawo da allura. Ya ce zai ture yanar da ta rufe shi. Ya tura, idon ya tafi gaba ɗaya. Na dama ya rage, shi ma yanar ta soma cin sa, har rana ta koma min kamar fitila a bayan zane. Ban gaya wa kowa ba. Mu Fulani ba ma tallan ciwo.

Daga dajin yamma na taso. Ɓarayi sun kore shanuna, sun bar min harsashi a cinya. Na sauka a wata ruga kusa da Sandamu, ni da matata da 'yan shanun da dangi suka haɗa min. Da hannu nake gane su.

Akwai wata ƙungiya a Daura mai bin rugage da ƙauyuka, tana duba lafiyar waɗanda asibiti ya yi wa nisa. Suna awon jini, suna duba masu ciki, masu yanar ido kuma su kai su wurin likitan ido. Mutum uku ke jan ta: wani liman, da Ardonmu, da wata Hajiya tsohuwar nas. Matata ce ta kai musu tsegumina.

Liman ne ya fara zuwa. Ya yi min nasiha mai kyau a kan neman magani. Na ce, "Na gode, Malam. Ina gani sarai."

Ardo ya zo bayansa. Shi ya san halina, don halinsa ne. Muka yi zancen ruwa da tsadar dusa, ya tashi bai ambaci ido ba.

Sai Hajiya. Da hantsi ne, ina gindin bishiyar bedi ina tufka igiya, na ji mota ta tsaya. Wata murya ta yi sallama, ba ta jira amsa ba.

"Ina bawan nan nawa da aka ce ya makance?"

Matan da ke daka suka tsaya cak. Ba wanda ya taɓa faɗin kalmar nan a gabana. Amma na ji harshenta, na gane Babarbariya ce. Tsakaninmu da Barebari wasa ne tun kakanni. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya sai ya haɗiye, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Na ce, "Wa ya kwance kuyangar nan ta shigo ruga da takalmi?"

Ta ce, "Juyo nan, ɗan Fillo. Turmi kake zagi, ni ina damanka."

Matata ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Na nemi fushi a cikina na rasa.

Hajiya ta kori matan, ta ce su je su damo wa uwar gijiyarsu fura. Ta zauna bakin tabarmata, ta sassauta murya.

"Baffa, na hagun nan ba yana ce ta kashe shi ba. Wa ya taɓa shi?"

Na gaya mata. Ita ce mutum ta farko da na gaya wa.

Ta ce, "Aikin likita daban ne da na wancan. Ba zan ce maka ba a taɓa samun matsala ba, don ana samu. Amma in ka zauna, wannan ma tafiya zai yi."

Na ce, "Shi kaɗai gare ni."

"Na sani. Shi ya sa na zo da kaina."

Da ta ji matan na dawowa sai ta ɗaga murya. "Ranar Talata mota za ta zo. In ba ka shiga ba, wallahi kasuwar Mai'aduwa zan tafi, in tsaya tsakiyar kara, wurin cinikin shanu, in shelanta cewa na ga Bafulatanin da ya tsere wa ɓarayi da harsashi a cinya, ya zo yana ɓuya a bayan matarsa saboda 'yar wuƙar da tsofaffin mata ke kwanta wa."

Na ce, "Za ki aikata, don Barebari ba su gaji kunya ba."

"Gwada ni."

Ranar Talata na shiga mota.

A asibiti su ukun duk suna nan. Liman ya riƙe hannuna yana addu'a har aka tura ni ciki. Ardo ya ce shi wata hidima ce ta kawo shi gari, ya biyo kawai, amma har la'asar ina jin tarinsa a bakin ƙofa. Hajiya kuwa tana ta kai da komo tsakanin gadaje, wannan ta lallashe shi, wancan ta tsokane shi. Mu da yawa suka kwaso ran nan, Fulani da Hausawan ƙauye, har da wata tsohuwa daga Kongolam. Ban ji zafin aikin ba. Tsoron ne ya yi zafi, shi ma ban nuna ba.

Washegari likita ya zo cire auduga. Ya ɗaga ta a hankali. Da farko haske ne kawai da hawaye. Sai na ga farar riga. Sai maɓallan rigar. Sai wata fuska ta sunkuyo dab da tawa, baƙa, mai faɗi, da tabarau, da zane dogo-dogo tun daga goshi har kumatu.

Ta ce, "Me kake gani?" Muryarta ba ta wasa ba ce wannan karon.

Na dube ta da kyau. Na ce, "Wa ya bi fuskarki da garma?"

Ɗakin ya ɗauki shewa. Liman yana ta hamdala yana dariya har rawaninsa ya goce. Hajiya ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi.

Na ce, "Likita, mayar da audugar nan. Da na san wannan zan fara gani, da ban zo ba."

Ta ce, "Butulu! Tashi ka ba wani gado, bawa ba ya kwana biyu a katifa."

Na sauko. Ta miƙo hannu za ta kama ni, na ce ta bari. Na hango takalmana a ƙarƙashin benci, na je na ɗauka da kaina.