Yaya Bukar da Iyakar Gonata

Ku da kuka san yayana Bukar kun san ba ya amsa tambaya kai tsaye. Ka ce masa ya ci abinci? Sai ya ce, "An tura, ana jiran tabbaci." Wallahi ya gajiyar da ni, ni da na sha goya shi a babur.

Duk shekara ambaliya sai ta shafe iyakar gonata ta shinkafa a Auyo, in ruwa ya janye mu yi ta sa-in-sa da maƙwabcina. Yaya, da yake sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta ce, ya ce ya samo magani. Zai rubuta iyakar a bulokcen, wai rumbun bayanai ne da ke warwatse a kwamfutocin duniya, ba mai iya gogewa. Akwai kuma laburare, wato tarin umarni da wasu suka shirya, da shi manhajarsa ke magana da rumbun.

Ranar da muka je awo, sabis ya ƙi. Ya sa na tuƙa kwalekwale har tsakiyar ruwa, shi yana tsaye ya ɗaga waya sama.

"Yaya, za mu kife fa."

"Bari saƙon ya fita tukun."

Da masu laburaren suka fito da sabo, ƙememe ya ƙi saukewa. "Tsohon laifin me ya yi mini?" Amsar da yake bayarwa ke nan a kan takalminsa ma.

Ga maƙo. Akwai bulokcen na gwaji, kyauta, akwai na gaske da ake biya. Na roƙe shi mu koma na gaske.

"In biya wanda bai san hanyar Auyo ba, don ya tsare mana gona?"

Da damina ya rasu. Ruwa na janyewa na kai kwamfutarsa wajen wani abokin sana'arsa a Haɗejiya. Ya duba, ya ce an rufe na gwajin, ba abin da ya rage. Na kama hanyar Auyo, ko ƙarfin rigimar bana ba ni da shi.

A gona na tarar da maƙwabcina tsaye a bakin wani layin jema, ciyawar nan da ambaliya ba ta iya tumɓukewa.

"Yayanka ya dasa," in ji shi. "Ya kira ni muka auna tare. Ya ce in abin nasa ya ƙi, kada mu ɓata."

Na zauna a cikin laka na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Abin da ka tura, Allah ya karɓa.