Mai Bin Layin Abinci da Gwiwa

A ɗakin cin abincin wata makarantar firamare, ga wata mata tana bin layi da gwiwoyinta, riƙe da farantin roba. Siririya ce mai tabarau, zanenta mai tsada yana sharar ƙasa. An ce turo ta aka yi ta gano abin da ya sa 'yan aji ɗaya ke cin abincinsu gaya, ba miya. Allah masani, amma yadda take cije leɓe, kamar ita ma ta taɓa wuni da yunwa a aji.

Shugaban makarantar ya sunkuyo. "Haba Hajiya, ki tashi mana, iyaye na kallo!"

"Su kalla, Malam. Tsayin yaran nan ne na aro."

Tana isa tebur ta ɗaga farantin sama da kanta, yadda ƙananan ke yi. Mai rabon abinci ta zuba, miya mai zafi ta gangaro mata a hannu. Ko yarfewa ba ta yi ba, ta miƙa wa shugaban hannun.

"Ka ga abin da suke gudu? Ba inda zan tashi sai an rage wa teburin nan ƙafa. A kawo zarto."