Ƙahon Wastl

Korbinian mai gyaran rufin gidaje ne. Rabin rayuwarsa a sama ya yi ta, tsakanin hayaƙi da tsuntsaye, bai taɓa zamewa ba. Abin da ya kayar da shi magana ce guda, kuma daga bakinsa ta fito.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, dattawa na zaune a teburinsu a mashayar Vroni, ana kukan yadda shanu ke bazuwa a kan dutse, sai an yini ana nemansu kafin a sauko da su da kaka. Korbinian ya ajiye kofi ya ce, "A busa musu ƙahon tagulla mana, su taru da kansu."

Kowa ya fashe da dariya. "Schnapsidee!" in ji Vroni, wato dabarar da ake tsinta a gindin kofin barasa. "Kai, Korbi, shanun ne suka sha ko kai?"

Korbinian ma ya dara, ya bar zancen ya kwanta tare da kumfar giya. Wastl makiyayi, abokinsa tun suna makaranta, shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya samo ƙahon 'yan badujala, ya goya ya hau dutse. Da fari shanun gudu suka yi. Daga baya suka riƙa tsayawa kallo. Wata kaka sai ga su a jere, ƙararrawar wuyansu na amsa masa.

Shi ke nan, suna ya zauna: ƙahon Wastl. Yara na faɗa, limamin coci na faɗa. Korbinian na kan rufi, in sautin ya gangaro sai ƙusa ta lanƙwashe masa.

"Ni fa na fara faɗa," yakan ce a tebur.

"Ka faɗa, shi ya hau," in ji Vroni. "Sha giyarka, tsoho."

Da Wastl ya rasu, matarsa Resi ta turo ƙahon a baro har ƙofar gidan Korbinian. "Ya ce naka ne tun asali, Korbi. Ya sha son gaya maka, fuskarka ke hana shi."

Kaka ta zo, Korbinian ya hau dutsen yana haki. Ya busa iya ƙarfinsa. Wata jar saniya ta ɗago kai, ta leƙa bayansa kamar mai neman wani, ta koma kan ciyawarta.

Ya zauna, ƙahon a cinya.

"Ɗan banza," ya ce wa iska. "Ka bar mini tagulla, ka tafi da shanun."