Alkakin da Na Aika wa Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce, "Ke, waccan." In maganar mai tsawo ce sai ta bi da ita ta bakin ƙanwata, ko da ina zaune a gabanta. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta taso ta tarar, ban kuma taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Sai dai nakan yi sha'awar yadda take zuba hira da ƙannena har da tafawa.

Ban san daɗin hirar Inna ba sai da aka yi wa maigidana canjin aiki zuwa Abuja, farkon dawowar mulkin farar hula, muka kama gida a Dutse Alhaji. Inna ba ta yi boko ba, ba ta kuma son a rubuta mata wasiƙa a ji cikinta. Sai ta koma ɗaukar magana a kaset. Akwai wani ɗan garinmu mai shagon atamfa a cikin gari, duk zuwan da zai yi gida sai ya dawo mini da ƙullin kuka da daddawa, ga kaset a tsakiya an naɗe a leda.

A kaset ɗin ma ba da ni take magana ba. Da 'yata take yi, wadda aka sa wa sunanta, lokacin ba a daɗe da yaye ta ba. "Takwara, kina jina? Ki ce wa waccan ta rage ba ki ruwan sanyi, damina ce." Daga nan sai hira ta ɓalle: wa ta haihu, gonar wa ta yi kyau, wane ɗan siyasa ya zo ya raba sabulu ya yi alkawarin famfo. Maigidan yakan fita da an idar da asuba saboda cunkoson hanya. Ni kuwa in na gama azkar da shara, sai in ɗora rediyon a tagar kicin, ina gyaran wake Inna na zuba. Maƙwabciyata Bagwariya takan leƙo ta katanga ta ce, "Madam, wannan mama naka ya iya labari fa!"

Sai wayar hannu ta shigo. Maigidan ya sayo mini ɗaya, ya aika wa ƙanena ɗaya a gida, yana ta murna. "Hajiya, an huta da jiran mai atamfa. Yanzu kullum kya ji Inna."

Na ji ta kuwa. Ƙanena ya miƙa mata, na gaishe ta. "Lafiya lau. Ya yara? Madalla. To, ga shi." Shi ke nan. A waya ni ce a ɗaya gefen, ina numfashi a kunnenta, babu takwarar da za ta laɓe a bayanta. Na gwada miƙa wa yarinyar, ta ce "halo" ta jefar ta gudu. Mai atamfa ya je gida sau uku, sau uku ina zura hannu cikin kuka har ƙasa ba na taɓo komai. Kowa ya ɗauka waya ta wadatar. Ni kaɗai na san abin da na rasa, kuma ba na iya buɗe baki in ce wa Inna ina kewar hirarta. Da ta ji kunya, ni ma haka.

A shekarun nan komai sabo ake yayi. Gine-gine na tashi ta ko'ina, maigidan ya shigo da na'ura mai faifai, ya ce a ba masu sayen gwangwani tsohon rediyon. Na ce a bar mini shi, ina jin wa'azi da shi. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Da ƙaramar salla ta matso na yi alkaki. Ban taɓa iya shi ba, wannan karon kuwa ya fi ko yaushe tauri. Maigidan ya gatsa ɗaya, ya dafe muƙamuƙi. "Hajiya, adana shi. 'Yan kwangilar garin nan suna neman bulo." Ina cikin dariya dabara ta faɗo mini.

Washegari na zaunar da 'yata a cinya, na danna jan maɓallin ɗaukar magana na tsohon rediyon. Na ce, "Takwarar Inna ce ta ce a kawo kukanta. Ga abin da ake ba ta da sunan alkaki." Na ƙulle guda biyar, na haɗa da kaset ɗin da wani sabo da batura, na kai wa mai atamfa.

Mako biyar shiru. Mun gaisa a waya ranar Juma'a, ba ta ce uffan ba a kai. Na fara tunanin ko na yi rashin ta-ido. Sai ran nan ga saƙo, na zura hannu cikin kuka, na ji leda.

"Takwara, na ga abin da ake ba ki. Na miƙa wa akuya, ta sansana ta wuce." Ina jin matan gida suna shewa a bayanta. "Ki ce wa waccan a murje alkamar da mai sosai kafin a kwaɓa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, wuta kuma kaɗan-kaɗan. Alkaki ba ya son mai gaggawa." Bayanin bai wuce haka ba. Sauran kaset ɗin, gaba da baya, hira ce. Famfon dai ba a haƙa ba, amma mai sabulu ya dawo da gishiri. Wata amarya tana daka tana waƙa, Inna ta ce a yi shiru takwara ta ji. Aka kira la'asar, ta tafi salla ta manta ba ta kashe ba, na zauna ina sauraron kajin gidanmu hawaye na zuba cikin wake. A ƙarshe ta ce, "In bai yi ba a sake aikowa in gani."

A gwaji na uku alkakin ya yi, har Bagwariyata ta roƙi na yaranta. Da na zo ƙulla na Inna, sai na ga hannuna yana zaɓar mata waɗanda suka ɗan ƙone. Maigidan yana kallo.

"Hajiya, wannan ba ha'inci ba ne?"

"Ni na soya su, Alhaji. Ban ce su ne masu kyan ba."

Duk da haka na yi istigfari, na kuma ƙulla.

Amsa ta zo bayan wata guda, cikin kuka kamar kullum. "Takwara, ki ce wa waccan wuta ta yi yawa." Na ji tana gyara zama. "Ko da yake ni ma na taɓa soya alkaki, na san kasko guda ba ya ƙonewa duka. Ba komai. Ta ci gaba da aikowa."