Ranar da Ƙafata Ta Ƙi Taka Birki

Shekara goma sha huɗu na yi ina jan bas tsakanin Suleja da Abuja, ban taɓa ɗaukar kaina mara lafiya ba. Ciwon baya kam kowane direba a tasharmu yana da nasa. In mutum ya sauko daga mota ya dafe ƙugu yana miƙa, ba mai ce masa sannu, don kowa haka yake saukowa.

Motar ta wani Alhaji ce mai sayar da kayan gini. Irin bas ɗin nan ce da injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba, kafin azahar sai ka rantse a kan murhu kake zaune. Soson kujerar ya daɗe da mutuwa, ƙarfe na tokare ni, sai na ninka tsohon bargo na ɗora. Ruwa ba na sha sai na tashi aiki, don in fitsari ya matsa maka a tsakiyar cunkoso, ga mota cike da masu saurin zuwa ofis, ina za ka tsaya? Goro ne karin kumallona. Matata ta yi magana har ta gaji.

Wata Litinin da damina, mun shafe fiye da awa guda a cunkoson Madalla, daga kuloci sai birki. Da hanya ta ɗan buɗe muka fara gangarawa, sai wata akori-kura mai ɗauke da doya ta tsaya a gabana. Na ɗaga ƙafar dama zan taka birki, ƙafa ta ƙi tashi. Daga cinya har yatsu kamar ba a jikina take ba. Na fizgo birkin hannu, na karya sitiyari zuwa gefe. Allah Ya kiyaye, saura taki ɗaya mu hau teburin wata mai sayar da lemo motar ta tsaya.

Fasinja suka ɗauki salati, wani mai kwat a baya yana zazzaga mini masifa da Turanci. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni kuwa ƙafata kawai take kallo.

"Direba, motsa yatsunka in gani," in ji ta.

Na gwada, da ƙyar babban ya motsa.

"Tun yaushe take yi maka haka?"

"Hajiya, takan ɗan yi sanyi, amma in na buga ta a ƙasa sai ta sake."

"A asibiti na yi aiki har na tsufa. Kashe motar nan. Yau ba za ka ƙara tuƙa kowa ba, har da ni."

Kunya ta kama ni, amma ban yi musu ba. Akwai wani abokina a nan Madalla, tare muka koyi tuƙi, a lokacin yana zaune ba mota tun da aka sayar da wadda yake ja. Na kira shi a waya, ya hawo acaɓa ya zo, ya wuce da fasinjan. Dattijuwar ba ta yarda sun tashi ba sai da ta ga an saka ni a Keke zuwa asibiti.

Likita ya sa aka yi mini hoton baya. Ya ce zaman ne ya sa ƙashin baya ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, ga kuma jinina ya hau ban sani ba. Ya ba ni magani da hutun mako uku, ya ce in na koma irin zaman da, in kuka da kaina.

Hutun nan bai yi mini daɗi ba da farko, don na ɗauka mota ta tafi ke nan. A mako na biyu na lallaɓa da sanda na je shagon Alhaji, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya saurare ni yana jan carbi.

"Da ka take mai lemon nan fa?" ya tambaya.

"Da yanzu wani zancen ake, Alhaji."

"To me kake so a yi?"

Na ce a raba mana yinin da abokina, ni safe, shi yamma. Na ƙara da cewa kujerar ma tana son gyara. Ya harare ni, ya ce shekara nawa ina zaune a kan ƙarfe ban buɗe baki ba? Washegari aka kai motar wajen mai kushin.

Yanzu shekara uku ke nan. Ina yin sawu biyu, kafin la'asar na miƙa makulli. Daga tasha nake takowa da ƙafa har gida a unguwar Kurmin Sarki, kamar yadda likita ya ce, ina gaisawa da mutanen da a da sai dai in yi musu hon. Abin da nake samu ya ragu, gaskiya, amma tukunya ba ta taɓa kwana ba a ɗora ba. Ina cin abincin rana da zafinsa. Na gano ashe matata tana da labarai, lokacin ji ne ban da shi. Gorar ruwa tana gefena, in na matsu kuma sai in ce wa fasinja, "Jama'a, ku yi haƙuri da minti biyu." Wasu su yi tsaki, yawanci ma sai su sauko tare da ni.

Ciwon bayan yakan motsa in an yi sanyi, amma ƙafar tana jin magana. Rigimarmu ɗaya ce da abokina: shi dogo ne, ni gajere. Kullum da safe sai na tarar ya tura kujera can baya, in jawo ta gaba, da yamma ya zo yana mita wai na matse masa gwiwa. Jiya ma sai da muka yi, har 'yan tasha suka ce za su haɗa mu da alƙali.