Rijiyar da Malam ya haƙa mini

Ko da zan manta sunan kaina saboda tsufa, ba zan manta ranar da ruwan rijiyata ya tafi ina kallo ba. Ni ban yi lakol ba, ban san boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, in na tsaya ina share ido a yi haƙuri da ni.

Shekarar da aka ce Nasara sun tafi an ba mu mulkin kai, a shekarar maigidana Malam ya rasu a Cadawa. Gari ana kaɗe-kaɗe, ni ina cikin takaba. Abin da ya bar mini shi ne gida da 'yar rijiya a tsakar gida, wadda ya haƙa da hannunsa saboda ƙuguna ba ya ɗaukar tulu mai nisa. Ba ta da zurfi, amma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Sai a shekarar nan, rani na shigowa guga ya fara fitowa rabi ruwa rabi laka.

Yayan mijina ya zo daga Gidan Sori, ya tsaya bayan darni, tunda mai takaba ba ta zama da maza. Ya ce, "Matar ƙanena, in rijiyar nan ta mutu ki tattara yara ki dawo wurinmu. Ba a zama gida ba ruwa." Ni kuwa ko bakin ƙofar Malam ba na son in bari.

Daga nan kowa ya zama gwanin rijiya. Maƙwabciyata ta ce a yashe ta kawai, a kwashe lakar da ta toshe idon ruwan. Mijinta ya ce a'a, bango ne ke zubewa, a kafa ta da itacen kirya. Ƙanen Malam mai shara a buro, ofishin gwamnati, a Maradi ya aiko cewa in jira, yanzu gwamnati tamu ce, za a zo da siminti. Maƙwabciyar ta kwashe da dariya, ta ce, "To ki gaya wa yara su riƙe ƙishirwarsu sai an gama rabon kujeru." Wani kuma ya ce a bar wannan a haƙa sabuwa wajen fadama. Wanda duk ya yi magana sai in ce shi ke da gaskiya, in na gaba ya zo in koma bayansa. Da Malam na nan da kalma ɗaya ta isa.

A ƙarshe na zaɓi abin da kowane mai hankali zai zaɓa, na ce a ƙara mata zurfi. Ruwa ba a ƙasa yake ba? Aka samo mahaƙa biyu, baƙi masu cin rani. Ɗaya ya shiga da dagi, ɗaya na jawo kwando. Ina leƙe ta kafar darni. Kwando ya yi ta fitowa da wata farar laka mai danƙo, na ce alhamdulillahi. Can sai na ji na ciki ya yi kira.

"Kai, ruwan na tafiya!"

"Tafiya ina, don ubanka?"

"Ƙasa! Wallahi ƙasa yake yi!"

Na manta takaba na manta mayafi, sai ga ni bakin rijiya. Ɗan ruwan da ya rage yana juyawa yana shigewa ramin dagi, yana wata ƙara kamar mai kurɓar kunu. Kwandon da ya biyo baya yashi ne busasshe. Na ce su toshe, suka cusa laka suka tattaka, bai tsaya ba. Na yi ta tambayar kowa, yaya za a bi ruwa ƙasa ya gudu? 

Sai ran kasuwa wani tsoho da ya riƙe wa Malam igiya lokacin haƙar ya zo gaisuwa. Ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗiyata, ai da gangan muka tsaya nan. Farar lakar nan ita ce kaskon da ruwan ke zaune a kai. Bai gaya miki ba?"

Bai gaya mini ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba. Shekara da shekaru ina jan ruwa yana zaune gefe yana tufka igiya, muna hirar gero da awaki, ban ce masa, Malam, me ya sa ka tsaya nan ba.

Da na fita takaba aka ɗora kayana a amalanke zuwa Gidan Sori. Har yau ban gane ba ko da na yashe ta ne, ko na kafa kirya, ko na jira siminti, da ina gidana. Abu ɗaya na sani, shi nake gaya wa 'ya'yana mata. Wanda kuke zaune tare, ku tambaye shi dalilin abin da ya yi tun yana iya amsawa. Ni na zo tambaya na tarar an riga an rufe shi.