Farin Zanen Kaka Bai Koma Ugbodu Ba

Shekara bakwai ke nan da muka rufe Kaka Asabe a Daudawa, kuma shekara bakwai ɗin nan farin zanenta ya yi su kwance a ƙasan akwatin Gwaggo Hinde, matar kawuna, ƙarƙashin tsofaffin labule, yana jiran mai kai shi gida.

Kaka ita ta haifi mahaifiyata. 'Yar Ulukwumi ce daga garin Ugbodu, can jihar Delta. Kakana ya auro ta lokacin da yake fataucin manja, ta musulunta, ta yi shekara arba'in da ɗoriya a cikinmu. Amma har ta koma ga Allah ba a iya kiran ƙabilarta daidai ba. Wanda ya ji harshenta ya ce Bayarabiya ce, wanda ya ɗanɗani miyarta ya ce Inyamura. Sai ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ni 'yar Ulukwumi ce. Ku daina rabo da ni kamar naman layya."

Salla ba ta wuce ta. In ta sallame ta ɗaga hannu kuwa, da yarensu take roƙo, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ina ƙarama na tambaye ta ko Allah yana jin wannan yaren. Ta ce, "To wa ya halicce shi?" Sai da na girma na gane cewa duk faɗin ƙaramar hukumarmu ta Faskari ba ta da abokin hira a harshen uwarta, sai Shi.

Abu ɗaya ta roƙa. A garinsu, in ji ta, 'ya mace in ta rasu gidan ubanta ake mayar da ita, komai nisan aure. Ta san a nan ba a jinkirta gawa, kuma ta yarda da haka da zuciya ɗaya. Sai ta ce a kai wa danginta zanen nan, saƙar hannu da uwarta ta ba ta ranar da za ta taho, su san 'yarsu ta dawo. Kawu Sale, babban ɗanta, ya ce, "An gama, Inna." A gabana ya faɗa.

Shekarar farko aka ce a bari a yi girbi. Daga nan aka ce hanya ba lafiya. Ban musa ba, mu ma mun bar gonaki mun gudu. Amma hanyar ba ta hana Kawu kai wake kudu sau uku ba. Da wannan uzuri ya tsufa sai aka ce bidi'a ce. Na je har wurin limamin unguwarmu, ya ce, "Zane ne fa, ba gunki ba. Ku cika mata wasiyya." Bara kuma na tarar da Gwaggo riƙe da almakashi, wai za ta fitar da zanen goyo daga jikinsa, da ƙyar na hana ta.

"Mi za a yi da shi yana ta cin wuri? Masu shi ma sun manta da ita."

Ba su manta ba. Wata 'yar Delta da muka yi jami'a tare ta bincika mini. Ƙanwar Kaka tana nan da rai, idonta ya tafi, kuma duk Bahaushen da ya shiga kasuwarsu sai ta aika a tambaye shi labarin yayarta. Ko rasuwar ba wanda ya gaya mata. Ina tunanin abin da Kaka za ta ce da ta ga jikokinta kowa da waya a hannu, amma an rasa mai kiran danginta. Ba za ta yi faɗa ba. Za ta gyara kallabi ne kawai, abin da ya fi faɗan ciwo.

Ba mu gaji yarenta ba, ko kalma goma ban riƙe ba. Abin da ya rage mana shi ne zanen, da alkawarin da aka yi mata. Yanzu na ɗauko shi daga akwatin Gwaggo, yana cikin jakata, na saka shi a tsakiyar kayana, ranar Alhamis zan hau mota a Funtuwa.

Kawu ya ce, "Ke kaɗai, mace, har can?"

Na ce, "Kawu, ita ma ita kaɗai ta zo."